Minti Huɗu a Yawuri

Ranar da ya fara shigo mana aji a Birnin Kebbi
bai zo da littafi ba.
Kwalin ashana ya huda da allura,
ya ce kowa ya leƙa duniya ta ciki.
"Abin da kuka bari a waje," in ji shi,
"shi ma ku kuka zaɓa."

Farfesa Kakale ke nan,
mai hula guda, mai tari kafin magana,
wanda ya sayar da fadamarsa ta Augie
ya sayo kyamarar gwanjo
da ba ta tashi sai an lallashe ta.

Shekara bakwai yana bin masu kwalekwale a Yawuri,
ni ina biye da sandar makirufo
har kafaɗata ta yi kanta.
Wata asuba Tumba mai kifi ta kwance igiya,
ta tura jirgi, ta ajiye filafili,
ta zuba wa ruwa ido.
Minti ɗaya. Biyu.
Na raɗa masa, "Malam, a yanke."
Ya taka mini ƙafa.

Fim ɗin bai yi kasuwa ba.
Masu faifai suka ce ina rawa, ina kuka?
A jami'a, ranar ƙarin girma,
aka ƙirga masa shi rabin maƙala.
Ya yi dariya har tarin ya dawo.

Yanzu yana ta rufe masa idanu.
Jiya muka ɗaura farin ƙyalle
a bangon firamaren bakin kogi,
janareta na gurnani, yara sun cika ƙasa.
Ya zauna kai a sunkuye, yana kallo da kunne.
"Nan hannunka ya yi rawa, Sahabi,"
ya ce, kuma haka ne.

Sai ga Tumba,
da ta kwanta dama damina tara da suka wuce,
ta ajiye filafili.
Wani mai furfura ya miƙe daga baya:
"Inna ce.
Daidai nan ruwa ya ci ƙanena.
Ba ta taɓa wucewa ba ta tsaya."

Ba wanda ya motsa.
Minti huɗu cif, gari na kallon ruwa tare da ita.

Malam bai ce uffan ba.
Ya laluba cikin duhu da takalminsa
har ya sami ƙafata,
ya taka,
a hankali wannan karon.