Sanyin Saye

Daga Abuja na kawo ta, a hannun surukina,
mota mai zuciya biyu:
ɗaya na shan fetur, ɗaya na shan wuta,
in ta tsaya a danja sai ka rantse ta mutu.

A can, ranar Kubwa ba ta san mutunci ba,
sanyin mota shi ne rai.
Amma nan Jos, inda ake kwana da safa,
inda ruwan alwala ke cizon yatsa da asuba,
me zan yi da sanyin saye?
Wa ke kai dankali Bokkos?

Na danna maɓalli, na ce mata a'a.
Ta ce to, kamar 'yar kirki.
Kafin mu kai Gada Biyu
sai na ji shi can ƙasa yana zuuu,
kwamfireso, baƙon da ba a yi wa shimfiɗa ba,
yana tsotsar batir kamar kaska.
Injin ya farka a fusace ya biya bashi,
allurar mai ta sunkuya,
ni ma na sunkuya.

Dalyop mai riwaya, bayan kasuwar Farin Gada,
ya zagaya ta sau biyu bai ce uffan ba.
Can ya ce, "Malam Tanimu, wannan ba irin ta da ba ce,
babu bel ɗin da zan zare in rataye maka.
Ka ga wayar nan mai ruwan lemo?
Ba ta san aboki ba, ba ta san maigida ba."

Ya kori yaransa baya,
ya sa safar roba har gwiwar hannu,
ya zauna a kan taya ya shanye rake guda,
wai wuta ma sai an bar ta ta huce.
Sannan ya bar babbar waya da girmanta,
ya lalubo ɗan fis, bai kai gyaɗa ba.
Ƙas.
Ya sa mini a tafin hannu.
"Dubu uku. In ka yi kewarsa, ka san hanya."

Ranar na sauke gilashi huɗu.
Ashe shekara guda ban ji garina ba.
Warin kabeji da aka tsame daga buhu,
hayaƙin masara a bakin Taminus,
ɗanyen ƙamshin dutse bayan yayyafi,
da wani mai keke da ya zage ni sarai,
na ji kowace kalma, har na gode.

Wata fitila ta kunna a gaban sitiyari
tana hararata dare da rana.
Mun saba.

Sai Agusta ta zo da nata hisabin.
Ruwa kamar da bakin ƙwarya a hanyar Bukuru,
numfashinmu ya rufe gilashi ruf,
babu mai shanye raɓar.
Ashe aikinsa ke nan, wanda na kora,
yana yi bai taɓa faɗa ba.
Ladidi ta miƙe daga kujerar baya
tana gogewa da hannun rigar makaranta,
ta buɗe mini taga daidai ido biyu,
a gefe kuma ta rubuta sunanta da yatsa,
ta zana kaza mai ƙafa uku.
A haka muka isa, a giyar kunkuru,
tana dariya, ina salati.

Jibi zan gangara Hawan Kibo,
inda dutse ke sakin hannun mutum
zafi ya karɓe shi tun kafin Akwanga.
Uwargida ta ce in mayar da shi.
Dalyop ya ce minti biyu ne.

Ga shi nan a aljihun gaba,
tare da ɓarin goro da rasit ɗin mai.
Nakan taɓa shi in muna tsaye a danja,
mota shiru, ni shiru,
iskar Shere na shigowa kyauta.
Ban ce zan mayar ba.
Ban kuma jefar ba.