Na Ƙarshen Ayari

Aikina ke nan a tafiyar nan: in zama na ƙarshe.
Famfo a baya, faci da sipana a jaka.
Mu goma sha ɗaya muka baro Kochkor da asuba,
goma a gaba, ni ina kallon ƙeyarsu.

Kwana huɗu ke nan, na san kowa ta bayansa.
Ermek ba ya zama a kan sirdi,
tsaye yake taka feda kamar mai bin bashi.
Aizada, kafaɗar hagu ke fara gaya mata gaskiya.
Tagwayen Tokmok gardama suke har a kan hawa,
wai wa ya manta da gishiri.
Sai Kanyshai, shekara sittin da uku,
malamar lissafi da ta ajiye alli,
kekenta ya girmi Ermek,
tana tafe leɓɓanta na motsi.

Kwalta ta sallame mu tun da hantsi.
Daga nan tsakuwa ce,
hanya ta nannaɗe dutsen kamar igiya a wuyan tulu.
Kowane lanƙwasa ka ce shi ne na ƙarshe,
sai wani ya leƙo daga samansa.
Bishiyoyi suka daina rakiya, inuwa ta bi su.
Iska ta sirance,
ka wage baki ka ɗebo, ka samu rabin cokali.

Can sama muka tarar da keken Ermek a kwance,
tayar baya na juyawa ita kaɗai,
shi kuwa zaune, kai tsakanin gwiwoyi,
leɓɓa sun yi shuɗi.
Na duba sarƙa, lafiya.
Na duba birki, lafiya.
Duk jakata babu sipanar wannan gyara.

Kanyshai ta sauke ƙafa ɗaya.
Ta laluba aljihu, ta miƙa masa busasshen cuku,
dunƙule mai gishiri, mai tauri kamar tsakuwar hanyar.
Ta ce, "Tsotsa. Kuma ka daina duban sama.
Ni ban taɓa hawan dutse ba, yaro,
arba'in-arba'in nake hawa.
Taki arba'in, ka tsaya, ka roƙi numfashi."

Haka muka tashi, mu uku.
Ƙanƙara ta soma sauka, ƙas, ƙas, a kan hulunanmu.
Wani ɗan makiyayi ya wuce a kan goɗiya,
ya dube mu, ya dubi kekunan, ya ce,
"Dokin da ba ya cin ciyawa
ai dole mai shi ya yi masa aikin."
Ermek ya so yin dariya, iska ba ta isa ba.

Kalmak-Ashuu.
Tarin duwatsu, turken ƙarfe,
tsummokaran da matafiya suka ɗaure suna kaɗawa.
Sauran na maƙure a bayan wani dutse,
Aizada rungume da butar shayi,
ba wanda ya kurɓa, mu suke jira.
A ƙasa, Son-Kul,
tafki kamar farantin da aka manta a cikin ciyawa,
bukkokin ulu farare kamar ƙoren da aka kife.

Gangara ba kyauta ba ce.
Yatsu sun ƙage a kan birki,
hawaye na gudu zuwa kunne.
Na ga hanya ta buɗe wa Ermek sau uku,
sau uku bai wuce Kanyshai ba.

Da dare, warin hayaƙin kashin shanu,
nonon goɗiya mai tsami yana zagayawa a kwano ɗaya.
Na fita da tocila a baki,
na bi sarƙa goma sha ɗaya da mai, ɗaya bayan ɗaya.
Ta cikin bangon ulu ina jin wani yana magagi:
talatin da takwas,
talatin da tara.