Tafinta a Ofishin Ruwa

A Sinnar, bayan madatsa, akwai ɗaki mai taga ɗaya.
Nan tsohuwar kwamfutar take, ƙarƙashin tebur,
launin ƙashin da ya sha rana,
nauyinta ya kai rabin buhun dawa.
Allonta ya mutu tun daminar bara.
Ita dai da sauranta:
kasa kunne, ka ji fankarta na nishi
kamar mai barcin da ya ƙi juyawa.

A cikinta lissafin ruwa yake,
na shekara ashirin da shida:
wace ƙofa za a ɗaga, yatsa nawa, wace Laraba.
Muhandis Jibir da ya tsara shi
yana kwance a maƙabartar Mai Wurno,
bai bar wa kowa takarda ba.

Wasu suka ce a jefar, wasu a sayo allo.
Ina allon? Bakin wayarta ma
babu irinsa daga nan har Madani.

Sai na zo da tawa, 'yar shafal, jikar jikarta,
na ɗora mata manhaja mai aikin tafinta,
mai ara wa makaho ido:
tsohuwa ta yi zanenta can cikin duhu,
taga ta buɗe a nan.
Abin da ya ba ni dariya ni kaɗai,
a wannan sha'ani sabuwa ce 'yar aike.
Tsohuwa ke cewa ja layi, shafa shuɗi,
yarinya na cewa to.

Ranar farko ko sallama ba ta amsa ba.
Sau uku ina faɗa mata adireshina,
tana cewa ba ta san gidan ba.
Dafa'alla mai gadi ya dire min jabana,
ya ce, "Ihlas, ba a yi wa babba magana a tsaye."
Na shimfiɗa kwali na zauna a ƙasa.

Rana ta biyu wuta ta ɗauke.
Ta farka tana rantsuwa
yau ɗaya ga Janairun saba'in.
Ban yi mata musu ba, na gyara a hankali.
Haka nake yi wa kakata a asibitin Madani,
in ta kawo Hausar da ko kasuwa ta daina karɓa,
likita na jira, ni ina tsakiya,
ina juya ciwonta zuwa Larabci.

Ta uku, taga ta buɗe,
amma haruffa sun watse,
kowane ya ja gefe ya juya wa ɗan'uwansa baya
kamar 'yan gida ɗaya ranar rabon gado.
Launi kuwa, ɗari biyu da 'yan kai ta sani,
tawa ta zo da miliyoyi tana yanga.
Sai da na roƙe ta ta rage ado
kafin kogi ya daina zama ja.

Na kwaso tsoffin haruffa daga rumbunta,
na shigar da su sabon gida.
Bayan la'asar, layi bayan layi,
kamar mai saƙa da hannu mai rawa,
taswira ta fito:
babbar magudana, rassanta, ƙofofi goma sha ɗaya.

Can a kusurwa ga wani ɗan rubutu,
ba Larabci ba, ba Turanci ba:
"Ta bakwai maƙaryaciya ce. A ƙara mata yatsa biyu."

Na karanta wa Dafa'alla.
Ya cire hula ya sosa kai, ya daɗe bai ce komai ba.
Shekara guda ke nan gyaɗar masu ƙofa ta bakwai
tana bushewa, ana zargin mai rabon ruwa.

Ya ɗauki makulli da fitila ya fita.
Ni kuma na zauna tsakaninsu,
hannu ɗaya kan waya, kar ta motsa.