Kuɗin Motar Baba Jatau

Damina uku a jere
mura ta kama haya a ƙirjina,
ba ta biya, ba ta tashi.
Ina jan Keke daga Kawo zuwa Kasuwar Barci,
karin kumallona taliyar leda,
da rana lemon kwalba mai raɓa,
da dare duk abin da kaskon mai shayi ya ga dama.
Asuba kuwa, sai rana ta gasa kwanon ɗaki
nake rama ta, ina hamma.

Likita a Tudun Wada ta rubuta magani,
ta zare tabarau, ta ce:
"Shanye shi duka, Tanimu, kada ka rage.
Amma garkuwar jikinka ta yi tsatsa,
ita kuwa ba a awonta a kemis."

Wata Laraba na ɗauki Baba Jatau
da buhun zogale da kwandon yalo.
Shekara ashirin da shida ya ba masaƙar Kakuri
har injuna suka yi gum.
Yanzu ɗan lambu gare shi a bakin kogi,
da ƙafafu masu raina tudu.
Na yi tari a kan gada, sitiyari ya girgiza.
Ya ce, "Yaro, jikin nan aro ne,
Mai shi zai tambayi yadda ka riƙe."

Da muka isa bai miƙo naira ba.
Ya zube mini yalo bakwai, gwanda guda,
damin zogale, da tafarnuwa a ƙullin leda.
Na ɓata rai. Ya yi dariya da haƙoransa cif.
"Gobe ka zo ɗaukata bayan sallar asuba.
Bayan, na ce. A sahu nake son ganinka."

Ruwan alwala na ƙarfe biyar ba ya wasa da kowa.
Na tsane shi mako guda.
Sai ga shi taku ɗari huɗu zuwa masallaci
sun fara buɗe mini hanci,
azkar na sauko da numfashi ƙasa-ƙasa
kamar ƙura bayan yayyafi.

Tabawa ta dawo da tukunyar da muka yi wa yaji:
kunun gero da tsamiya,
faten tsaki ya sha rama da yakuwa,
wake da manja, kuka da daddawa,
ran da aljihu ya yi murmushi, kifi da nono.
Saratu ta layin 'yan kayan miya,
wadda ba ta buɗe rumfa sai ta sunkuyar da kai ta yi addu'arta,
ita ke ajiye mini cittar Kachia,
mai yajin da ke tuna wa maƙogwaro sunansa.

Na koyi wanke hannu kafin bismilla,
na koyi janye shi daga kwano
tun ciki yana da sauran wurin iska.
Litinin da Alhamis tukunya da ni mu huta.
Bayan isha'i waya ta kwana a aljihun riga,
ni in kwana da alwala,
in yafe wa direban bas ɗin da ya zage ni a Mando,
don ƙulli a zuci ma yana cin jiki.

Ba zan yi ƙarya ba,
ƙamshin kaskon mai shayi har yau yana kirana,
shekaranjiya ma na amsa.

Bana mura ta zo, kamar yadda ta saba.
Ta ƙwanƙwasa, ta shiga, ta kwana uku,
ta ga ɗakin ba irin nata ba ne.
Na gaya wa Baba. Bai ɗago daga kwandonsa ba.
"Lafiya ta Allah ce," in ji shi,
"mu dai shinge muke gyarawa.
Ja mu tafi, alayyahu ba ya jiran hira."