An Sauya wa Doguwa Murya

A gangaren Bojude ta yi tarin ƙarshe.
Fasinja bakwai, buhun wake uku, akuya ɗaya a but,
sai ƙara ya taso daga ƙarƙashin bonet
kamar an watsa tsakuwa a tukunyar ƙarfe.
Na murɗe makulli. Na san inji ya buga.
Da igiya wata tifa ta jawo mu Gombe,
Doguwa a baya, shiru, kamar mai jin kunya.

Oga Yila ya lakato baƙin mai a yatsa,
ya murza, garin ƙarfe yana walƙiya.
Ya ce, "Gidado, tsumma in ya gaji da faci
allura ba ta samun wurin kamawa.
Ga wani can bisa taya, na gas, ɗan Baljiyam.
Mansa da tsada, amma akwai auki."

Na sayar da maraƙi da rabin gyaɗar bana.

Ranar Talata aka rataya sarƙa a reshen darbejiya,
yara uku na ja, Yila na cewa a hankali.
Tsohon ya fito yana lilo, yana ɗigar mai
kamar rago a hannun mahauta.
Shekara talatin da ɗaya yana cikin ƙirjin nan.
Shi ya ciyar da mu a hannun Baffa,
shi ya kai Baffa asibiti,
shi ya dawo da shi a kwance, an naɗe kujerun baya.
Na juya ina neman sifana mai lamba sha uku
alhali tana aljihuna.

Baƙon kuwa ya ƙi zama.
Kujerar inji ta gaza da yatsa biyu,
sai da Tela mai walda ya yanka, ya ƙara, ya sake yankawa.
Giyabos ya ce bai san shi ba.
Lagireto ya yi kaɗan, batir ya yi kaɗan,
aljihuna ma ya yi kaɗan.
Aka wanke tanki har warin fetur ya fita,
kafireto da fulogai aka watsa su gwangwani,
an sallame su ba ko sannu da aiki.
Kwana tara ina cin ƙosai a gindin bishiyar nan.

Ran na goma Yila ya buga famfo har kumfa ta ƙare.
Ya ce, "Kar ka yi masa gaggawa.
Kunna hita, ƙirga goma.
Tsoho ne da asuba, sai ya ji ɗumi yake tashi."
Na ƙirga.
Ya yi gyaran murya, ya tofar da baƙin hayaƙi,
sannan kaf-kaf-kaf, sitiyari na rawa a tafina,
madubi na rawa, haƙorana na rawa.
Yara suka yi ihu.

Hawan da take ja da giya biyu tana nishi
yau da uku ta haye, ko waiwaye babu.

Amma da na shawo kwanar gidanmu a Dukku
ba wanda ya buɗe ƙyaure.
Inna, wadda ke jin Doguwa tun daga bakin kasuwa
ta sa a ɗora ruwan wanka,
tana zaune bisa tabarma, carbi a hannu.
Ta ce, "Na ɗauka taraktar gwamnati ce.
Ina muryar malam?"

Ban gaya mata an ɗora shi a sikelin 'yan gwangwan ba,
kilo kaza, naira kaza.
Fulogi ɗaya na ɓoye, yana cikin akwatin gaba
tare da lasin Baffa da ya daɗe da mutuwa.

Sati uku ba ta ce komai ba.

Jiya na dawo bayan isha, gwiwa duk ciwo,
ban kai ga kashe fitila ba
na jiyo ta ta kan katanga:
"Ke Dija, ɗora ruwa,
ga taraktar nan ta iso."