Tsanin da Ke Bakinsu

A Grimsby, a layin da ya ba teku baya,
Doreen Haxby ta binne mijinta ran Talata.
Ran Laraba maƙwabta suka fara ƙwanƙwasa ƙofa,
kowa da kwano a hannu,
kowa da 'yar kalmarsa a baki.

Mutanen nan ba sa kiran baƙin ciki da sunansa.
Sai su ɗauko ƙaramin aikatau na cikin gida,
wanda ake sauke tukunya da shi, ake rufe taga,
su liƙa masa sama ko ƙasa, ciki ko waje.
Shi ke nan, an yi wa zuciya tsani.

Maud ta gidan kusa ta ce, "Kina dai riƙe da kanki sama?"
Doreen ta dubi hannuwanta.
Ba komai ciki sai cokalin shayi.
Ta ce, "Abin bai nutse ba tukuna."
Matar masunci ce, ta san abin da ke nutsewa,
ta san wanda ruwa ke mayarwa gaɓa bayan kwana uku.
Mutuwar Clive tana nan a saman ruwa,
tana lilo, ta ƙi kai ƙasa.

Neville ya bugo waya daga Leeds da dare:
"Mama, kar ki ɗura shi a kwalba ki toshe."
Da safe ta buɗe ƙofa,
ga kwalaben madara nan biyu a kan dakali.
Har yanzu biyu.
Ba wanda ya gaya wa mai madara.

A bakin coci wata ta dafa mata kafaɗa,
"Da sannu za ki tsallake shi."
Doreen ta yi godiya, ta gyara maɓallin kwat.
A ranta ta ce, mutum ne, baiwar Allah, ba katanga ba,
ni da gwiwata ko bene ba ta so.

Ai tun farko da faɗuwa aka soma.
A yarensu so rami ne, faɗawa ake yi ciki.
Ta faɗa a ɗakin rawa, tana 'yar sha tara,
shi kuwa yana warin kifi da sabulu,
yana taka mata ƙafa yana ba da haƙuri.
Yanzu sun ce ya wuce can.
Can ina? Kalmar ba ta faɗa ba,
ta nuna hanya kawai ta yi shiru.

Sati na shida, a kanti, a layin biyan kuɗi,
ta ga ta ɗauko alewar na'a-na'a da shi kaɗai ke sha.
Nan ta karye ƙasa.
Haka suke cewa,
kalmar da ake yi wa mota in ta mutu a tsakiyar titi
ana ta yi mata oda daga baya.
Yarinyar kanti, Kerys, ta bar kujerarta ta zagayo,
"Bar shi ya fito, uwa, bar shi ya fito duka."
Muryar mahaifiyarta kuma, daga kabari, tana tsawa:
jawo kanki ki haɗa, Doreen, ana kallo.
Ta tsaya tsakaninsu,
rabi a waje, rabi a haɗe,
ta biya kuɗin alewar.

Sanyi ya ja jiki. Furanni suka leƙo a gindin shinge.
Maud ta ce, "Asabar za mu Cleethorpes cin kifi da dankali,
ki zo mana."
Doreen ta buɗe baki za ta ce a'a,
sai ta ji harshenta ya riga ta:
"Ina duban gaba gare shi."
Magana ce ta ladabi, ko ga likitan haƙori ana faɗa.
Amma ta ji wuyanta ya ɗan juya.

Daren nan ta yagi bayan ambulan,
ta rubuta da fensirin Clive, ɗaya kawai daga gobe, na gode,
ta naɗe ta cusa a bakin kwalba.
Iska na kaɗa takardar
har ta kashe fitila.