Maraya

A bas ɗin ƙarfe shida na Haidarabad
Sarawanti ta buɗe ɗan littafi a kan gwiwa,
Turancin masu haɗa magani ne,
jibi za a titsiye ta a kansa a kamfani.

Wai ƙwaya tana da rabin rai,
sa'o'in da rabinta ke ɗauka kafin ya bar jini.
Wai akwai gwajin makafi biyu:
likita bai sani ba, majinyaci bai sani ba
wa ya haɗiyi magani, wa ya haɗiyi sukari.
Har murmushi ta yi.

Sai ga wani da suke kira maraya,
maganin cutar da masu ita
ba su kai a kafa musu kasuwa ba.

Ƙaninta Malesh, shekara tara.
Likita uku suka juya shi
kafin a samo sunan abin da ke cin ƙashinsa.

Ta ja layi har biro ya huda takarda.
Kwandasta ya ce, kuɗi.
Ta miƙa rupi ashirin ba ta ɗago ba,
leɓenta na ta gwada kalmar,
tana ƙin zama a baki.